Ajiyar Kwana Arba'in

Da damina suka kawo ta, wata Asabar da hantsi. An yi ruwa da asuba, lungunmu na Muchia a Zariya duk ya caɓe, motar ba ta iya shigowa ba sai a bakin titi Yaya ya tsaya. Yaya wan mijina ne, yana koyarwa a jami'a a Samaru, shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu. Bai fito daga motar ba. Matarsa ce ta shigo, tana tsallake taɓo da dogon takalmi, hannu ɗaya da ɗan jan akwati, ɗaya hannun riƙe da yarinyar. Anti muke ce mata. Ita ta zaɓa wa kanta. Ranar da na ce mata Yaya, yadda kowa ke ce wa matar wan miji, sai da ta gyara mini a gaban mutane.

Ta ce, "Ga ajiya na kawo miki. Sifen za mu, daga can mu wuce Fotugal. Kwana arba'in za mu yi."

Ajiyar nan 'yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari.

Lokacin yaye aka raba ni da ita. Inna, uwar mijina, ta zo daga cikin birni ta ɗauke ta kamar yadda ake yi, sati biyu ko uku yaro ya manta nono a dawo da shi. A sati na biyu Anti ta je gaida Inna ta gan ta. Shekararta tara da aure a lokacin, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka aiko na je. Inna ta ce a gabansu duka, "Ke, yayarki na son a bar mata yarinyar nan. Me kika ce?"

Me zan ce? Shekarata goma sha bakwai. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, ko kallonta ba na yi in da mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ina ruwana da ita, Inna? Ai taku ce." Duk macen da aka yi wa tarbiyya abin da za ta ce ke nan, kuma duk wanda ya ji ya san ba shi ne a ranta ba. Jira nake babba ya ce, a'a, a bar mata abarta ta ƙara wayo. Haka na ga an yi wa yayata, haka aka yi wa 'yar kawuna. Kafin Inna ta buɗe baki sai Anti ta tafa hannu ta ce, "To, kun dai ji da bakinta." A ranar ta sa ta a mota.

Shekara ɗaya da rabi ke nan kafin wannan Asabar ɗin. Sau huɗu na ga yarinyar a tsakani, duk a taron mutane, inda ba ni da damar ko taɓa ta.

Anti ba ta zauna ba. Na shimfiɗa mata tabarma ta dube ta ta dubi takalminta. Ta miƙo mini wata takarda da ta rubuta da Turanci, ta ce abin da yarinyar ke ci ne da lokacin barcinta, in nemi wanda zai karanta mini. Ta leƙa randarmu ta ce a riƙa tafasa ruwa. Ta dubi cikina, wata biyar ne lokacin, ta ce, "Oh, har an sake?" Sannan ta fita. Yarinyar ta tsaya a tsakar gida inda aka ajiye ta, kusa da akwatin, cikin farar riga mai tattara da farar safa. Ba ta yi kuka ba, ba ta bi ta ba. Ni ma ban matsa ba, don matan gidan duk sun fito suna kallo. Sai da kowa ya koma harkarsa na ja hannunta zuwa ɗaki, na rufe ƙofa, na zauna na dube ta son raina. Tabon da ta ji a gwiwa tana rarrafe yana nan. Gashinta ba a taɓa kitse shi ba, an dai daddaure shi da ƙyalle. Ta dube ni ta ce wani abu da Turanci. Ban gane ba.

A aji uku aka cire ni daga makaranta. Hausa ina haɗawa a hankali, Turanci kuwa ko oho. A gidan hayar akwai wata malamar firamare, Kirista ce daga kudancin Zariya, ɗakinta na kallon nawa. Ita ta karanta mini takardar. Madara da safe, ƙwai rabin dahuwa, barci ƙarfe ɗaya na rana, kada a goya ta don tana lalacewa, kada a kwana da ita gado ɗaya. Malama ta ninke takardar ta ce, "Uwar yarinya, wannan ai takardar kiwon zomo ce." Ita kaɗai ce a gidan take ce mini uwar yarinya. In ta faɗa sai in ji kunya kamar in nutse, in kuma so ta sake faɗa.

Kwana uku yarinyar ba ta ci tuwo ba. Tana tsoron ramin shaddar gidan, tana tsoron agwagin mai gida. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da na lura da shi da safe. Takan farka tun kafin in idar da salla, amma ba ta motsi, ba ta kira kowa. Idonta biyu, tana kallon silin, tana tsotsar bakin zani, har sai an ce ta tashi. Wane irin yaro ne ɗan shekara uku da rabi zai farka ya yi shiru? Na riƙa taɓa goshinta ko zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. An saba rufe ta ne a ɗaki ita kaɗai, ta gane kira ba ya kawo kowa.

Rana ta huɗu kofin koko ya suɓuce mata ya zube a tabarma. Ban yi mata faɗa ba, na juya neman tsumma. Ina waigowa na gan ta a kusurwar ɗaki, ta ba ni baya, goshinta a jikin bango, hannuwa a baya. Na ce zo. Ba ta zo ba. Na ce ba komai, koko ne, akwai wani. Ko gezau. Na kama kafaɗarta ta sandare kamar itace. Tsoro ya kama ni, na ce ko iska ce ta taɓa ta, na fita ba ko mayafi na kira Malama. Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta duba, ta faɗi wata kalma ɗaya ta Turanci. Nan take yarinyar ta juyo ta dawo ta zauna.

Malama ta ce, "Horo ne. Haka Turawa ke yi wa 'ya'yansu. Ba ta barin wurin sai an sallame ta."

Sai da ta koya mini kalmar. Na yi ta maimaitawa ina wanke-wanke don kada in manta. Ni da 'yar da na haifa, sai da aron bakin Turawa zan raba ta da bango. A kwana goman farko na faɗi kalmar nan ya fi sau ashirin.

Ana cikin haka katunan gaisuwa masu hoto suka fara zuwa daga wajen su Yaya. Mijina tela ne, shagonsa na wajen PZ, ta akwatin gidan waya na maƙwabcinsa suke zuwa. Ranar da na farko ya iso, tun daga zaure nake jin muryarsa.

"Ke, fito ki ga inda Yaya ya kwana!"

Hoton wani ƙaton gini ne na dutse a kan tsauni, da ƙananan tagogi kamar na kurkuku. Ya riga ya zagaya da shi duk layin teloli, har gefensa ya yi baƙi da hannu. Ya ce gidan yaƙi ne na mutanen dā, aka gyara aka mai da shi otal, manyan mutane kaɗai ke kwana a ciki.

Na ce, "Malam, tsohon gida ne ke nan?"

"Tsohon gida? Tarihi ne! Ke me kika sani?"

Abin da na sani shi ne, Anti ba ta taɓa kwana ko ɗaya a ɗakin Inna a cikin birni ba. Ko ranar da aka yi rasuwa a gidan, da magariba ta sa aka mai da ita Samaru, wai ginin ƙasa ne, ya tsufa, yana warin jemage, azarar za ta iya faɗo mata. Ga shi ta hau jirgi ta ƙetare teku takanas don ta kwana a tsohon gini. Nasu tsufan tarihi ne, namu ƙazanta. Ban faɗa masa ba. Na karɓi katin na ce zan adana.

Da ya fita na kai wa Malama. Ta karanta: sun sauka lafiya, ɗakinsu a saman hasumiya yake, bangon ya fi tsawon hannu kauri, ana gaida Inna.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duba ta gefen nan, na ga wani ɗan rubutu."

"Sunan wanda ya buga katin ne, uwar yarinya."

Bakwai suka zo gaba ɗaya, kusan duk kwana biyar. Na Madrid, da motoci da wani mutumin ƙarfe a kan doki. Wani na fadar wani sarki, shi ma an mai da shi otal, Anti ta rubuta cewa gadon da suka kwana a kai yana da rumfa da labule, sai da matakala ake hawansa, ya girmi kakan kakanmu. Na Kurɗuba Yaya ne ya rubuta da kansa, hoton ginshiƙai ja da fari ba iyaka, ya ce masallacin Musulmi ne a dā, ya tsaya a ciki hawaye ya zubo masa. Mijina ma da aka karanta masa sai da ya share ido. Ni ban share komai ba. Mutumin da zai yi wa dutse kuka, yarinya tana tsaye da goshi a bango a falonsa yana karanta jarida. Akwai na wani lambu mai ruwa yana tsartuwa, akwai na Lisbon, gidaje a kan tudu sun gangaro har bakin teku. Kowanne in kai wa Malama, kowanne in yi tambayata. Har ta kai tun kafin in buɗe baki take cewa, "Babu. Sun ci kifi, sun hau jirgin ƙasa, ƙafarta ta kumbura da yawo. Babu." Abinci sun ba da labarinsa, gado sun ba da labarinsa, har sabulun otal Anti ta yaba. A kati bakwai ba wanda ya ce yaya yarinyar.

Ni kuwa kowane kati ya zo sai gabana ya faɗi, don na san kwana biyar sun sake tafiya. Na sami gawayi ina jan layi a bayan ƙyaure.

Takardar Anti tun sati na farko na hura wuta da ita. Na yi wa yarinyar kitso, ta yi kuka, ta kuma yini tana shafa kanta. Ta fara cin ɗanwake, daga nan tuwo da miyar kuka. Farar safar na cusa ta ƙasan akwati. Ta bi yaran gidan suna tare ruwan indararo, ta koyi zagi biyu wajen 'ya'yan mai gida, na ji daɗi har raina ko da yake na harare ta. Ran kwana ashirin da uku ina durƙushe ina tankaɗe, sai na ji nauyi a bayana. Ta hau, ta saƙalo wuyana. Na jawo zani na ɗaure ta, ga ciki a gaba. A ɗaki na yi ta zagaye da ita, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado, don ba zan iya fita tsakar gida a ga na goya 'yar fari ba. Daga ranar ba ta sake zuwa kusurwa ba. Ta fasa mini ƙwarya, ta dube ni, na dube ta, ta ruga waje tana dariya.

Na gwada yi wa mijina magana sau ɗaya. Na bari ya ci ya ƙoshi, na ce, "Malam, da za a roƙi Yaya..."

Bai bari na ƙarasa ba. "A roƙe shi me? Mutumin da ya yi mini uba? In je in ce ba ni 'yata? Da wane bakin?"

"Ba ta jin daɗi a can."

"Madara take sha a can. Makarantar 'ya'yan malamai za a sa ta. Ke me za ki ba ta, ɗanwake? Ke ba ki da kunya ne? Ga wani nan a cikinki, ki ji da shi."

Layukan bayan ƙyaure suka cika arba'in, har da ɗaya.

Saƙo ya zo cewa sun dawo, ranar Lahadi bayan la'asar mu je Samaru, za a nuna mana majigin tafiya, a taho da yarinyar da akwatinta. Na wanke farar rigar na goge. Safar ta ƙi shiga da daɗi, ƙafar ta buɗe da yawo ba takalmi. A bas tana kan cinyata tana nuna mini shanu.

Gidan Yaya a kwatas yake, da shingen fulawa da ciyawa a gaba. An ɗauko Inna daga birni, tana zaune a ƙasa a kan kafet don ba ta yarda da kujerunsu ba. Akwai abokan Yaya biyu da matansu. Anti ta fito da wata doguwar riga ja da mafici mai ninkewa, tana buɗe shi tana rufewa ko da yake fanka na juyawa. Ta dubi kan yarinyar ta ce, "Wa ya yi mata wannan abin? Gobe a tsefe." Ta kama hannunta ta zaunar da ita a wata 'yar kujera can gefe. Yarinyar ta waiwayo ni. Na sunkuyar da kai, Inna na wurin.

Aka raba tsaraba. Inna ta sami mayafi baƙi mai huda-huda, mijina ya sami almakashi, ni aka ba ni sabulu guda biyu ƙanana masu sunan otal a jiki. An sayo wata 'yar tsana mai jar riga irin ta Anti, an ce ta yarinyar ce, aka nuna mata daga nesa, aka sa a cikin kabad mai gilashi.

Sannan aka ja labule, aka rataya farin zanin gado a bango, Yaya ya kunna na'urar. Ba irin majigin da ake kawowa filin unguwa ba ne, wannan hotunan ba sa motsi, sai ya danna ya yi ƙaras wani ya fito. Ga Anti a bakin gidan yaƙi. Ƙaras. Ga Anti a kan gado mai rumfa. Ƙaras. Ga Anti tana cin abinci a wani dogon ɗaki da aka ce dā barga ce ta dawakin sarki. Inna ta ce, "A barga kuka ci abinci?" Aka yi dariya, Yaya ya ce Inna ba za ta gane ba. Ya yi dogon bayani a kan Musulmin da suka mulki ƙasar, abokansa suna gyaɗa kai suna sa baki da Turanci. Ni ba bangon nake kallo ba. Hasken na'urar yana faɗa wa gefen fuskar yarinyar, na ga ta kama bakin rigarta ta sa a baki. Rabonta da haka sati uku.

Ƙaras. Wani dogon bango fari, da wata 'yar taga a jikinsa daidai ƙugu. A cikin tagar akwai wani abu na katako kamar ganga da aka yanke gefe ɗaya. Anti na tsaye ta sa jakarta ta hannu a ciki, ta waiwayo tana dariya.

Ta ce, "Tsaya, tsaya, wannan ni zan ba da labarinsa. A Fotugal ne. Otal ɗin nan dā gidan sistoci ne, matan cocin nan da ba sa aure. Kun ga wannan abin? Juyawa yake. Wai a zamanin dā in mace ta haihu ba ta son ɗan, sai ta zo ta sa shi a nan, ta juya, ya koma ciki, ta kaɗa ƙararrawa ta gudu. Ba wanda ya ga fuskarta."

Matan abokan Yaya suka ce kai, kai. Inna ta ce, "A'uzubillahi."

Anti ta ce, "Wallahi wasu matan ba su san darajar haihuwa ba. Su samu a banza su yar a banza."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban taɓa magana a falon nan ba sai gaisuwa. Na ce, "Yaya, ana mayar musu?"

Kowa ya waiwayo. Yaya ya ce, "Na'am?"

"'Ya'yan. In uwar ta dawo, ana ba ta?"

Ya gyara tabarau. Shi mutum ne mai son a tambaye shi. Ya ce ai tambaya ce mai kyau. Ya ce mai yi musu jagora ya gaya musu yawancinsu ba ƙin 'ya'yan suke yi ba, yunwa ce ko tsoron mutane. Wasu sukan yaga ƙyalle biyu, su sa rabi a jikin jaririn su riƙe rabi, don in hali ya yi su zo su haɗa a ba su abinsu.

Na ce, "To ai ba yarwa suka yi ba ke nan."

Anti ta rufe mafici ta ce, "Danna na gaba."

Bai kai ga dannawa ba. Yayin da ake kallona yarinyar ta sauka daga kujerarta ta je wajen kabad ɗin, ta buɗe gilashin, ta jawo 'yar tsanar. Wani ɗan faranti mai zane da suka sayo ya biyo ta ya faɗo. Bai ma fashe ba, ya dai yi ƙara ya gangara. Anti ta kira sunanta da ƙarfi, sau ɗaya. Yarinyar ta saki 'yar tsanar. Ba wanda ya ce mata je ki. Da ƙafarta ta taka zuwa kusurwar da ke bayan ƙofa, ta kafa goshi a bango, ta mai da hannuwa baya. Awa ɗaya da shigowarmu gidan.

Anti ta mai da farantin ta zauna. Ta ce wa matan, "Kun gani? Kwana arba'in kawai, duk an lalata ta. Baɗi in za mu Italiya ban san inda zan kai ajiyar ba."

Kalmar sallamar tana bakina. Na iya ta sarai, da na faɗa da ta juyo. Na ga in na faɗa, gobe wa zai faɗa? Na miƙe, ciki ya yi mini nauyi, na ratsa ta gaban na'urar, inuwata ta rufe Anti da jakarta a jikin zanin. Na je kusurwar na durƙusa na juya mata baya. Na ce da Hausa, "Hau." Ta ɗan jima. Sai na ji hannuwanta a wuyana. Na cire mayafina na ɗaure ta da shi, a gaban surukata, a gaban wan mijina da baƙinsa, kaina ba lulluɓi sai ɗankwali.

Mijina ya ce, "Ke! Ke! A gaban Yaya?"

Inna ta ce, "Me nake gani haka? Sauke musu 'yarsu."

Na ce, "Inna, tawa ce."

Inna ta riƙe haɓa. Ta ce, "Taki? Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. 'Yar fari? Da bakinki?"

Anti ta miƙe. "Da bakin nan kika ce ba ruwanki da ita. Kowa ya ji. Inna, ba a gabanki ta faɗa ba?"

Na ce, "Na faɗa. Kin kuma san abin da ake nufi in an faɗa. A Tudun Wada aka haife ki, Anti, ba a Sifen ba."

"Ni kike gaya wa magana? A gidana? Shekara ɗaya da rabi ina wahala da ita!"

"Kati bakwai kuka aiko. Har sabulu kin tambayi lafiyarsa."

Ɗaya daga cikin matan ta yi wata 'yar dariya ta maza ta rufe baki. Yaya ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na ajiye sabulun nan biyu a kan hannun kujera. Na durƙusa wa Inna da goyon a bayana, don duk da haka uwar mijina ce, na ce a gafarce ni. Ta kau da kai. Na fita. Har na kai bakin titi ina jin kamar za a biyo ni a kwance zanin. Na riƙe ƙafafun yarinyar da hannu biyu har tashar bas ta kasuwar Samaru. Ba wanda ya biyo ni.

Mijina sai bayan isha ya dawo, ba akwatin. Sati uku bai ci abincina ba, a kasuwa yake ci, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Inna ta aiko a gaya mini ta ga marasa kunya amma ba ta ga kamata ba. Da na haihu ba ta zo wanka ba, ba ta zo suna ba, ƙanwarta ta turo. Har ta rasu in na gaishe ta da baki ɗaya take amsawa. Amma ba ta taɓa cewa a mayar da yarinyar ba, kuma da ta ce, da an mayar. Wannan nake tuna mata da shi in ina yi mata addu'a. Motar Yaya ba ta sake tsayawa a bakin lungunmu ba. A dangi kuwa shekara da shekaru in an ga yarinya mai rawar kai sai a ce a yi hankali kada ta yi irin ta matar tela.

Ba zan ɓoye ba, yarinyar ta nemi Anti. Kwana goma sha biyu tana tambayar yaushe mota za ta zo, tana tambayar 'yar tsanarta. Na ɗinka mata wata da ƙyallayen shagon ubanta, ta jefar. Makarantar 'ya'yan malamai ba ta shiga ba, ta unguwa ta yi, inda Malama ke koyarwa.

Yanzu yarinyar nan ita ma ta aurar da 'ya. Bayan rasuwar ubanta muna kwashe kayan shago muka tarar da katunan a aljihun keken ɗinkinsa, duka bakwai, ɗaure da zare. Ashe ya kwashe su daga ƙarƙashin katifata ya ɓoye. Ta zauna tana juya su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan na Lisbon. Ta ce, "Da kin bar ni a can, da wataƙila ni ma na ga wuraren nan."

Na ce, "Da kin ga bango."

Ba ta gane ba, ba ta tuna komai. Ta ce a ba ta su ta ajiye. Na ce ta ɗauka, ni ban taɓa son ganinsu a ɗakina ba.